Hukuncin zuwa kallon zanen matar Delfi da ke silin cocin Sistina

Tambaya: Slm malam, ina karatun zanen gine-gine a Italiya, an ce mu je cocin Sistina da ke Batikan mu yi rubutu kan wata mata da Mikelanjelo ya zana a silin, lakcaran mu yana ce mata annabiyar Delfi. Dan Allah ya halatta in je, kuma da gaske annabiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Toh wannan silin Fafaroma Juliyas na biyu ne ya sa aka zana daga 1508 zuwa 1512, akan ɗanyen filasta ake shafa fentin ya bushe tare da ginin, akwai maza bakwai da kiristoci suke ɗauka annabawa ne har da Annabi Yunusa, da mata biyar. Matan nan ba su da alaƙa da wahayi ko kaɗan, sun fito ne daga bautar gumakan Girkawa da Rumawa, ita ta Delfi (wani tsohon gari ne a ƙasar Girka) ana danganta ta da ɗakin gunkin Apolo inda mutane ke zuwa tambayar gaibu, daga baya kiristoci suka ce ai sun yi bushara da zuwan Annabi Isa (AS) shi yasa aka jera su da annabawa. A shari'a wannan bokanci ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba.

Eh akwai saɓani akan annabcin mata, Ibn Hazm da Ƙurɗubi suna ganin Nana Maryam annabiya ce, jumhuru sun ce a'a saboda aya ta 109 a suratu Yusuf da ta ce maza ne kawai aka aiko da wahayi, amma kinga wannan maganar akan salihan bayi ne, ba wanda ya sako bokanya a ciki.

Maganar shiga kuwa malamai sun saɓa, Sayyadina Umar (RA) ya ƙi shiga cocin Sham saboda hotuna, wasu kuma sun yi rangwame. Abinda nake gani tunda karatu ne ya kai ki ba ibada ba, ki je ki yi aikinki ki fito, kar ki yi sallah a ciki, ki kau da kai daga tsiraicin da ke jikin silin dan yana da yawa. Abinda ya fi min ciwo wallahi shi ne wurin da suka zana wani tsoho wai shi ne Allah, subhanallah, wannan ki ƙi shi a zuciyarki. A rubutun ki ce su ne suke kiranta annabiya, kar ki tabbatar da bakinki, kuma kar ki sayo hoton ki rataye a ɗaki. Wallahu a'alam.