Tambaya da Amsa: Sarƙar agogon kaka, a narke ta ko a aje?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Bayan rasuwar babanmu mun iske wata sarƙar agogon aljihu cikin adakarshi, an ce ta kakanmu ce tun zamanin fataucin gujiya, agogon kam ya daɗe da ɓata. Yayanmu na son a kai ma maƙeri ya narke ta a yi zobba, ni ko raina bai so ba. Mi ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi jiƙan baba. Dan Allah ku dakata da zancen wuta tukuna, in an narke ta kuɗin nauyinta kawai za ku samu, aikin hannun da shekarun duk sun tafi, kuma tun bayan yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 agogon hannu ya fara ture na aljihu, kin ga ba abu ba ne da za ku koma kasuwa ku sayo irinshi gobe.

Ki duba ta da kyau. In tana da ɗan sanda a gefe guda da ƙugiya a ɗayan, ita ce Turawa ke kira Albert, sunan mijin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, sandan cikin ramin maɓallin falmaran ake sa shi. Sai ki nemi hatimi kusa da ƙugiyar, ƙanƙane ne ƙwarai, ki sa kyamarar waya ki jawo shi. In hatimin kan gaggafa ne, zinariyar Faransa ce mai lamba 750, wato kashi 750 cikin dubu zinariya ce tsantsa; in zaki ne kuma azurfar Ingila ce 925. In maganaɗisu ya kama ta to ƙarfe ne aka yi ma ruwan zinariya, amma rashin kamawa ba hujja ba ce, tagulla ma ba ta kamuwa. Kar a goge ta da toka ko yashi, sabulu da ruwan ɗumi sun isa.

Sai babbar maganar, wannan fa gado ce, ba ta yayanku ba ce shi kaɗai, ke ma haka. Ku kai ma maƙera biyu su auna su yi mata kuɗi gaban shaidu, wanda ke so ya biya sauran rabonsu yadda malamai suka raba. In ta tabbata zinariya ce ma ai namiji ba ya sa ta, to zobban na wa? Ki saye ta in kina da hali, ki rubuta sunan kaka da garuruwan da ya yi fatauci a takarda ki aje su tare.