Tambaya da Amsa: Wane wata ya dace a shiga kogin Zambezi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Yawuri ne, a cikin kwale-kwale na tashi. Aiki ya kawo ni Lusaka, kuma na yi shekara uku ina tuƙa ƙaramin jirgin roba a ruwa mai gudu. Ina so in gwada Zambezi daga ƙasan gangaren ruwan Biktoriya. Wane wata ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka nufi Libingiston, garin da ke kusa da gangaren ruwan Biktoriya, tsakanin Satumba da Nuwamba. Lokacin ruwa ya ja baya, ana iya farawa tun daga gangara ta 1 (wuraren da ruwan kogin ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu ne aka bai wa lamba bi da bi), dab da inda ruwan ke zubowa daga tsayin mita 108. Amma kada jan bayan ya ruɗe ka. A kwazazzabon Batoka, inda kogin ke bi bayan ya zubo, idan ruwa ya ragu ne duwatsu ke fitowa, ramukan da ke juya jirgi su buɗe baki. Daga Janairu ruwa na ƙaruwa, sai a koma farawa daga tsakiyar kwazazzabon, wajen Afrilu kuwa yakan cika har a dakatar da shiga.

A watan Oktoba na shiga, zafi kamar na Sakkwato. A gangara ta 5 na ga hancin jirginmu ya nutse cikin farin kumfa, na daina jin muryar jagoranmu sam, sai ƙugin ruwa. A ta 18 muka kife. Abin da ya cece ni shi ne rigar da ke hana nutsewa, na ɗaure ta tamau har tana matse min haƙarƙari. Bayan kowace gangara akwai gurbi mai sanyin gudu inda ake tsamo wanda ya faɗa, sai dai a yi maza, don akwai kadoji.

Gangara ta 9 kuwa, ina roƙonka ka fito ka ɗauki jirginka a kafaɗa. Masu kai baƙi ma zagaye ta suke yi ta bakin dutse. Sanin ruwan Yawuri zai taimake ka wajen karanta igiyar ruwa, amma Neja mai faɗi ce, wannan kuwa an matse ta tsakanin bango biyu na baƙin dutse.

Kada ka je kai kaɗai, ka nemi jagora ɗan wurin. Ka kuma tanadi ƙarfi don hawan fita daga kwazazzabon, ni dai sau huɗu na zauna kafin in kai sama.