Filin Gyara da Kanka: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na yi ritaya daga aikin gwamnati bara. Ina da tsohuwar Corolla da babur ɗin da yara ke hawa, kuma akwai ɗan shago a ƙofar gidana da nake so in mayar wurin ƙananan gyare-gyare. Na ga wani akwatin kayan aiki a kasuwa mai kaya sama da ɗari a ciki, kuɗinsa ba yawa. In saya? *(Daga wani mai karatu a Gusau)*

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a hutun. Kada ka sayi akwatin nan. Na san irinsa, yana walƙiya, kowane ƙarfe da gurbinsa, amma rabin abin da ke ciki har ka bar duniya ba za ka taɓa shi ba, wanda kuma za ka riƙa ɗauka kullum, wato sifana lamba 10, ita ce za ta fara buɗe baki. Araha ba ta ado.

Motarka ce za ta gaya maka abin da za ka saya. Motocin Japan kusan duk notinansu a kan lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 suke, notin tayar Corolla kuma 21 ne. Yawancin baburan da ke kan titunanmu ma waɗannan lambobin suke bi. Mu da muka koyi aiki lokacin da 504 ke fitowa daga kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, sifana 13 ce ba ta barin aljihunmu, domin motocin Turai ita suke so. A jikin Corolla kuwa da wuya ka ga inda za ta shiga, sai dai in wani makanike ya taɓa ɓatar da noti ya cusa wanda ya samu.

Saboda haka ka sayi waɗannan lambobi shida, irin sifanar da gefe ɗaya buɗaɗɗe ne, ɗaya gefen zobe. Ka ƙara da soket, wato sifana mai kamar ƙoƙo da ke rufe kan noti, na lambobin nan da hannunsa, da soket ɗin fulogi lamba 16. Sai filaya biyu, ta gama-gari da mai kulle wadda in ta kama ba ta saki, da guduma matsakaiciya, da sukundireba mai baki ɗaya da sita, wato mai bakin giciye, manya da ƙanana, da tocila, da mitar auna wuta. Gwangwanayen madara uku ko huɗu na zuba noti, waɗannan kyauta ne, uwargida za ta ba ka.

In kana da hanyar Kano ko Kaduna, ka leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka wajen masu tsofaffin kayan aiki. Tsohuwar sifana ta Jamus da ta sha hannu ta fi sabuwa mai ƙyalli nesa ba kusa ba. Amma ka tafi da noti lamba 10 da 12 a aljihu, ka sa a bakin sifanar ka girgiza. In tana rawa, ajiye ta. Ka kuma duba rubutun jikinta. In ka ga 1/2 ko 9/16, ta inci ce, ta motocin Amurka. Rabin inci milimita 12.7 ne, zai shiga kan noti lamba 12 kamar ya yi daidai, ka ja sau biyu ka tarar ya cinye kan notin. Rubutun Cr-V da ake bugawa a jiki don nuna irin ƙarfen kuwa kada ya ruɗe ka, kowa ma yana iya bugawa.

Tambaya: Baba, ina wuni. Notin salansar babur ɗina ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa. Na yi ta fama har kansa ya fara cinyewa. Abokina ya ce in sa bututu a sifana in danna da ƙarfi. *(Wani ɗalibi daga Damagaram)*

Amsa: Ɗana, in ka bi shawarar abokinka, abu ɗaya cikin biyu zai faru: ko kan notin ya ƙarasa cinyewa, ko ƙarfen da yake kai ya karye a cikin injin, aikin awa ɗaya ya koma na mai walda da mai tono. Notin salansa kullum cikin zafi yake, ga ruwan damina, shi ya sa ya fi kowane noti taurin kai.

Fara da goge tsatsar da burushin waya har ka ga ƙarfe. Ka fesa masa man kwance tsatsa irin WD-40. In babu, man birki da makanikai ke ɗigawa yana yi, sai dai kada ya taɓa fenti, yana cin sa. Ka bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da samari ba su da haƙurinsa. Da safe ka ɗan bubbuga gefen notin da guduma, bugu ƙanana, don tsatsar da ke ciki ta farfashe.

Buɗaɗɗen bakin sifana gefe biyu kawai yake kamawa, shi ya cinye maka kan notin. Ka nemo soket mai kusurwa shida a ciki, ba mai sha biyu ba, domin shi ne yake rungume notin ta ko'ina. Sannan ka yi abin da zai ba ka mamaki: fara ɗaure shi kaɗan, kamar za ka ƙara matse shi. Za ka ji wata 'yar ƙara, ƙas. Daga nan ka kwance kaɗan, ka mayar, ka ƙara mai, ka sake kwancewa, gaba da baya har ya saki jiki. In ya ƙi duk da haka, a kai wa mai walda ya gasa notin da wuta, ƙarfen ya buɗe ya saki. A cire tankin mai tukuna, a ajiye shi can nesa. In kuma kan ya riga ya cinye gaba ɗaya, filaya mai kulle, ko a yi waldar wani noti a kansa a kama da shi.

Ƙananan sukurori na kafireta da murfin injin kuma, in ka duba kansu da kyau za ka ga wani ɗan ɗigo a gefen giciyen. Irin na Japan ne, sita ta gama-gari tana zamewa a kansu. Akwai sukundireba da ake bugawa da guduma ta juya da kanta. Duk mai babur ya kamata ya mallake ta. Ranar mayarwa ka shafa ɗan giris a jikin notin.

Tambaya: Ina so in riƙa canza baƙin mai da kaina. In na ɗaga motar da jak na tokare da bulo biyu, ai ya isa ko? *(Wani direba daga Bauchi)*

Amsa: Bai isa ba, kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota a haka. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne a bakin hanya, kai kana gefe. Bulon siminti kuwa ba ya gargaɗi, ba ya lanƙwasa ka gani ka gudu, wargajewa yake yi lokaci guda, ballantana irin bulon yanzu da yashi ya fi yawa. Mota ƙarama kamar Corolla ta haura tan ɗaya. Ka sayi ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, ko ka sa mai walda na kirki ya yi maka da bututu mai kauri. Ƙasa ta zama mai tauri kuma a baje. In turɓaya ce ka shimfiɗa katako mai kauri. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan tayoyin da ke ƙasa, ka tura tayar safaya ƙarƙashin motar don ko ta kwana. Kafin ka shiga, ka girgiza motar da hannu biyu.

Tun da muna maganar taya: yadda wasu masu faci ke hawa kan sifana da ƙafa suna tsalle, ɓarna ce. Notin tayar Corolla awon ƙarfin ɗaurinsa 103 Nm ne, wanda bai wuce jan hannun namiji da sifanar taya ba. A ɗaure su a giciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, ba bi da bi a zagaye ba.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni tela ce, ina ɗinki a gida da ɗan ƙaramin janareta irin wanda ake haɗa masa fetur da mai. Kwana biyu sai hayaƙi yake yi, yana mutuwa, musamman in na sa dutsen guga. Almajirin gidanmu ne ke haɗa man. *(Wata baiwar Allah daga Katsina)*

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce a nan, kuma babu wadda ke buƙatar makanike. Ta farko dutsen guga. Janaretan nan abin da yake ɗauka da gaske wat 650 ne zuwa 800, dutsen guga na lantarki kuwa daga wat 1000 yake farawa. Keken ɗinki da fanka da ƙwan fitila zai ja su lafiya lau. Guga sai a jira wutar gari ko a koma na gawayi, in ba haka ba wata rana kwayil ɗin zai ƙone.

Ta biyu haɗin mai. Abin da aka rubuta a jikin yawancinsu 50:1 ne, wato mililita 20 na mai a kowace lita ɗaya ta fetur. Yaro in ya zuba da ido yawa yake yi, don yana ganin alheri yake wa injin. Ki aika kemis a sayo sirinji mai mililita 20: lita ɗaya, sirinji ɗaya. Man kuma ya zama mai alamar 2T a jikin robar, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. A haɗa a jarka a girgiza kafin a zuba. Sai a kwance fulogi. Za ki gan shi baƙi ƙirin da danƙo. A goge da burushin waya ko a sa sabo. Soson da ke tace iska ma a wanke shi, ƙurar hunturu tana toshe shi cikin 'yan makonni.

Ba ki tambaya ba, amma kada a kunna shi a ɗaki ko a zaure a rufe don tsoron ɓarayi. Iskar da ke kashe mutane a cikin hayaƙin ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci. A tsakar gida, nesa da taga, a ɗaure da sarƙa.

Tambaya: Yaya zan gane batir ne ya mutu ko motar ce ba ta caji? *(Daga Jos)*

Amsa: Da mita. Da safe kafin ka tayar da mota ka auna: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya yi rabi, ƙasa da 12 ya sauka. Ka tayar ka sake aunawa: in ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 motar tana caji, laifin batir ne ko kawunansa sun yi farin gari, a wanke da ruwan zafi a ɗaure. In bai motsa daga 12 ba, a duba bel da altaneta, wato abin da ke caja batir. Wajen cirewa a fara da waya mai alamar ragi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.

Tambaya: Baba, ina son sayen ƙaramin injin walda don gyaran ƙofa da kujeru a gida. Janaretana 2.5 kVA ne. Zai ja? Sannan giranda ƙarama ko babba? *(Wani malamin makaranta daga Zariya)*

Amsa: Malam, da ƙyar. Ƙananan injinan nan na zamani marasa nauyi sun fi tsofaffin masu tiransifoma sauƙin cin wuta, amma sandar walda geji 12, wadda ita ce ta aikin ƙofa da kujera, tana son amp 60 zuwa 90, kuma duk lokacin da ka taɓa ƙarfe janaretan zai durƙusa ya tashi. Wannan hawa da saukar wuta ita ke ƙona allon cikin injin. Ka nemi 5 kVA ko sama, da waya mai kauri, gajera.

Kafin injin ma ka sayi garkuwar fuska ta walda. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare komai. Ciwon ba nan take yake zuwa ba, sai tsakar dare mutum ya farka kamar an watsa masa yashi a ido, yana hawaye har asuba. Kuma duk wanda ya kawo maka tankin fetur ko duro da aka taɓa zuba mai, ya ce ai ya wanke, ka ba shi haƙuri. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Ni da zan ba ka shawara, ka samu mai walda a unguwarku ka riƙa zama wurinsa ranakun Asabar kafin ka kashe kuɗinka, domin riƙe tazarar sanda daga ƙarfe a hannu ake koyonsa, ba a takarda ba.

Giranda kuma ƙarama, mai faifan milimita 115, ta ishe ka. Kada ka cire mata murfin kariya don ka sa babban faifai kamar yadda ake yi a bakin titi. Faifan milimita 230 an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramar giranda kuwa tana haura 10,000, a wannan gudun faifan tarwatsewa yake yi. A zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifai akwai shekarar da wa'adinsa ke ƙarewa, ka duba kafin ka biya. Faifan yanka siriri ne, na gurza mai kauri, kada ka gurza da gefen na yanka.