Kun Tambaya, Mun Amsa: Faifan Turawan da Aka Naɗa a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, wanda ya yi aiki a Legas a zamanin mulkin Gowon, na tarar da tsofaffin faya-fayai a cikin adakarsa, ciki har da Band on the Run na Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings. Yakan ce mana a Legas aka yi shi, amma da na saurari waƙoƙin a waya ban ji ko ƙamshin kiɗan Najeriya ba. Shin maganar gaskiya ce? Kuma zan iya ɗora faifan a kan tsohon garmahon kakanmu, irin wanda ake wanawa da hannu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Maganarsa gaskiya ce, kuma kunnenka ma bai yaudare ka ba.

Shekara uku bayan watsewar Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila da ya fara yin suna a cikinta, McCartney ya gaji da naɗar waƙa a Ingila, sai ya duba jerin garuruwan da kamfanin faya-fayai na EMI yake da sutudiyo, ya zaɓi Legas, yana zaton zai sha hantsi a bakin teku da rana, ya yi kiɗa da dare. Ana gab da tafiya a 1973, mai kaɗa masa ganga, Denny Seiwell, da mai jita, Henry McCullough, suka fice daga ƙungiyar Wings, ya rage daga shi sai matarsa Linda da Denny Laine. Da suka sauka, damina ba ta ƙare ba, sutudiyon da ke Apapa kuwa ba shi da wadatattun kayan aiki. Wani dare kuma 'yan fashi suka tare shi da matarsa da wuƙa a kan hanya, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin, dole ya dogara da abin da ya haddace.

Game da rashin jin kiɗanmu a ciki, akwai dalili. Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da cewa ya zo satar kiɗan Afirka ne, har sai da McCartney ya gayyace shi sutudiyo ya kunna masa abin da suka naɗa, domin ya ji da kunnensa cewa babu salon Afirka a ciki. McCartney ya je gidan rawar Fela, kuma ya sha yabon makaɗansa daga baya, amma bai ɗauki salonsu ba. A ganina hakan ya fi alheri, domin baƙon da ya yi 'yan makonni a gari ba zai iya kiɗan garin ba, sai dai ya kwaikwaya. Ko waƙar "Mamunia", wadda mutane suke ɗauka tamu ce, sunan wani otal ne a Marrakesh ta ƙasar Maroko.

Saboda haka idan za ka sake saurare, kada ka nemi Legas a cikin salon kiɗan. Ka neme ta a cikin ƙarancin hannuwa. Gangar da kake ji McCartney ne da kansa ya kaɗa ta, haka ma babbar jita mai kaurin murya, shi ya sa bugun yake tafiya kai tsaye ba tare da ƙawa ba. Ka kasa kunne ga waƙar farko, yadda take farawa a sanyaye kamar ƙorafin ɗan kurkuku, ta rikiɗe ta yi zafi, sannan ta buɗe da jita da kayan busa. Waɗannan kayan busa da masu tsirkiya a Landan aka ƙara su, Tony Visconti ne ya tsara su, kafin faifan ya fito a ƙarshen shekarar.

Batun garmahon kakanku kuwa, ina roƙonka kada ka kusantar da faifan gare shi. An ƙera shi ne domin faya-fayai masu juyawa sau 78 a minti, allurarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, naka kuwa na roba ne mai juyawa sau 33 da sulusi, ɗorawa ɗaya za ta kankare layukansa. Ka nemi na'ura ta lantarki mai sabuwar allura. Ka riƙa kama faifan ta gefe, ka share ƙura da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layukan, ka ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da taga da zafin kwano, domin zafin bazara yana lanƙwasa shi.

Ka kuma ƙirga waƙoƙin da ke bayan kwalin. Idan tara ne, jerin bugun Ingila ke nan. Idan goma ne har da "Helen Wheels", alama ce ta bugun Amurka.