Hukuncin Dashen Ɓargo Ga Yaro Mai Cutar Ƙwaƙwalwa Ta Gado

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, likitoci sun gano ɗana ɗan shekara 7 yana da cutar gado da suke kira ALD, wadda ke lalata rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sun ba da shawarar a ɗebi ƙwayoyin halitta na tushe, wato waɗanda ke samar da sabbin ƙwayoyin jini, daga ɓargon ƙaninsa a dasa masa. Shin ya halatta, alhali ƙanin bai balaga ba?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Neman magani abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa, domin ya tabbata a hadisin Usama bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na 17 a Makka a 2003, ta halatta ɗibar waɗannan ƙwayoyi daga baligi da yardarsa, da yaro da izinin waliyyinsa idan akwai maslaha kuma babu cutarwa, da kuma cibiya da mabiyiya da izinin iyaye. Ta haramta ɗibarsu daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba.

Saboda haka dashen ya halatta, amma ka sani waliyyi ba mamallakin jikin yaro ba ne, amana ce a hannunsa. Wajibi ne amintattun likitoci su tabbatar ɗibar ba za ta nakasa ƙaramin ba, kuma a fara gwada shi, tunda cutar ta wajen uwa take bi zuwa 'ya'ya maza, mai yiwuwa shi ma yana ɗauke da ita. Sannan a tambaye su matakin da ciwon ya kai, domin dashen yana tsayar da cutar ne idan an yi shi da wuri, ba ya dawo da abin da ya riga ya lalace, kuma shi kansa yana da haɗari. Idan amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, to ban ga dalilin jinkiri ba.

Hukuncin bai shafi masu tallar allurar waɗannan ƙwayoyi a intanet da sunan warkar da ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa ba. Karɓar kuɗin majinyaci a kan abin da ba a tabbatar ba cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Allah ne mafi sani.