Tambayoyinku Kan Na'urar Taswira ta Jirgin Ruwa

Wasiƙun wannan wata sun zo daga masu karatu da ke aiki da ƙananan jirage a bakin teku, kuma duk a kan abu ɗaya suke: na'urar nan mai allo da ke haɗa GPS da taswirar teku, ta nuna wa matuƙi inda jirginsa yake.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, maigidana ya sa sabuwar na'ura a jirgin da nake tuƙa masa. Muna ɗaure a bakin ruwa amma allon yana nuna mu a kan tudu. Na'urar ce ta lalace? Daga mai karatu a Apapa, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce ta lalace. GPS na yau, idan eriya tana ganin sama sosai, kuskurensa bai cika wuce 'yan mitoci ba, tun da Amurka ta daina rage masa daidaito da gangan a watan Mayu na 2000. Matsalar ta fi zuwa daga taswirar ko daga saitin na'urar.

Fara da ma'aunin da aka gina taswirar a kansa. GPS yana lissafi da ma'aunin duniya da ake kira WGS84, to ka shiga saiti ka tabbata shi aka zaɓa. Tsofaffin taswirun Najeriya da ma'aunin Minna aka zana su, na Sudan kuma da Adindan. A yankin Legas, bambancin Minna da WGS84 ya kai kimanin mita 100, wanda ya ishi ya ɗora jirgi a kan tudu a allo, ya kuma ishi ya kai shi kan dutse a zahiri idan ka kwafi lambobin wuri daga tsohuwar taswirar takarda ba tare da gyara ba.

Sai yadda ake rubuta lambobin. 6°23.50' daban, 6°23'50" daban: na farko minti 23 da rabi ne, na biyu minti 23 da daƙiƙa 50. Minti ɗaya na latitud mil ɗin teku ɗaya ne, wato mita 1,852, saboda haka wannan ɗan ruɗani ya fi mita 600. Duk wanda zai karanto maka wuri ta rediyo ko waya, ku fara daidaita tsarin da kuke amfani da shi.

Idan duk wannan daidai ne, to taswirar ce ta tsufa. Gaɓar Legas ta canza ƙwarai saboda cike teku da ake yi, kamar na Eko Atlantic, kuma katin taswira na shekarun baya bai san da wannan ba. A sabunta katin.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna shirin kai jirgi mai filafilai daga Tema zuwa Legas. Abokin tafiyata ya ce mu sa wurin tashi da wurin zuwa kawai, na'ura ta ja mana layi mu bi. Hankalina bai kwanta ba. Daga mai karatu a Tema, Ghana.

Amsa: Hankalinka ya yi gaskiya, kuma wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin katunan taswira da ake sayarwa, irin na Navionics da C-MAP, suna ɓoye bayanai idan ka nisanta hoton don ka ga tafiyar gaba ɗaya. Lambobin zurfi su ɓace, tarkacen jirgin da ya nutse ya ɓace, tudun rairayi ya koma ɗigo ko ya tafi ɗungurungum. Allon ya nuna shuɗi fes, alhali haɗarin yana nan.

Wannan ya taɓa cin ƙwararru. Ranar 29 ga Nuwamba 2014, jirgin tsere Vestas Wind, a gasar Volvo ta zagaya duniya, ya hau duwatsun murjani na Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare, yana gudun kusan mil ɗin teku 19 a awa. Mutum tara ne a ciki, Allah Ya kiyaye duk sun tsira. Binciken da aka yi ya nuna cewa a girman hoton da ake kallo, duwatsun ba su fito fili ba, sai an kusanto da hoton sosai ake ganinsu. Idan hakan ta faru da masu sana'ar tsere, kada mai ƙaramin jirgi ya ɗauka ya fi ƙarfinta.

To ga yadda za ku yi. Ku ja layin tun kuna tashar jirgi, kafin a kwance igiya. Sannan ku kusanto da hoton har kowace lambar zurfi ta bayyana, ku bi layin daga farko har ƙarshe, kuna duba aƙalla rabin mil hagu da dama. Aikin yana cin lokaci, kuma babu hanyar yanke. Ku shigar da zurfin da jirgin ke buƙata: idan gindinsa yana nitsewa mita 1.8, ku ƙara aƙalla mita ɗaya, a bakin kogi inda raƙuman ruwa ke ɗaga jirgi su sauke shi kuwa a ƙara fiye da haka. Lambobin zurfi na taswira daga mafi ƙanƙantar janyewar teku ake auna su, kuma a Legas bambancin cika da janyewa kimanin mita ɗaya ne kawai, don haka kada ku dogara da cewa cikar teku za ta tsallakar da ku.

Kada ku dasa zangon hanya, wato wurin da kuke sa wa na'ura ta nufa, a kan alamar ruwa daidai, wato ƙarfen da ke shawagi yana nuna hanya. Na'ura za ta kai ku inda kuka ce, ku yi karo da ƙarfen, musamman in matuƙin atomatik ke riƙe da akala. Ku sa shi mita 100 zuwa 200 a gefen da za ku wuce. Idan kuna shiga tasha daga teku a Afirka, jar alama tana hagu, koriya tana dama.

Sai maganar igiyar ruwa. A wannan gaɓa igiyar Gini tana tafiya gabas, za ta taimake ku zuwa Legas, ta wahalar da ku a dawowa. Kamfas yana faɗin inda hancin jirgi ya dosa, lambar COG a allo tana faɗin inda jirgin yake tafiya a zahiri, SOG kuma ainihin gudunsa a kan ƙasa. Jirgin da ke gudun mil 5 a awa, igiyar mil ɗaya ta buge shi daga gefe, zai kauce da kusan digiri 11. Ku riƙa kallon XTE, wadda ke nuna nisan da kuka kauce daga layi, ku sa mata ƙararrawa. Ku tuna kuma cewa kwalekwalen masunta da tarunansu ba sa kan kowace taswira, mafi yawansu ba su da AIS, na'urar da ke sanar da sauran jirage inda jirgi yake, wasu ko fitila ba sa kunnawa. Wannan aikin ido ne, dare da rana.

Tambaya: Na'urarmu tana mutuwa duk lokacin da aka tayar da inji. Ko in koma amfani da wayata kawai? Daga mai karatu a Fatakwal.

Amsa: Kafin ka zargi na'urar, duba wutar. Sitata tana jan wuta mai yawa, ƙarfin batirin ya faɗi ƙasa da bolt 10 na ɗan lokaci, na'urar ta mutu ta sake tashi. Ka ba ta batir daban da na tayar da inji, da fis irin wanda littafinta ya faɗa, ka kankare tsatsar gishiri a bakin wayoyi. Wayar hannu ta yi a matsayin ta biyu, muddin ka sauke taswirar tun kana tudu. Amma allonta ba ya ganuwa a rana, tana ɗaukar zafi ta kashe kanta, kuma jiƙaƙƙen yatsa ba ya aiki a kanta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a nan murjani ya yi yawa, kuma muna jin ana cewa GPS yana rikicewa a Bahar Maliya. Ta yaya zan gane na'ura ta fara yi mini ƙarya? Daga mai karatu a Port Sudan.

Amsa: Ta hanyar gwada maganarta da wani shaida da bai dogara da tauraron ɗan'adam ba. Na farko shi ne ma'aunin zurfi. Idan allo ya ce kana kan mita 40, ma'auni ya ce 12, rage gudu nan take. Sai dai a gaɓarku murjani yakan taso tsaye daga ruwa mai zurfi, ma'aunin ba zai ba ka isasshen gargaɗi ba. Shi ya sa ake ratsa irin wannan wuri da rana, rana tana sama kuma tana bayanka, da mutum a hancin jirgi yana kallon launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore zurfi ya fara raguwa, ruwan ƙasa-ƙasa murjani ne dab da sama.

Na biyu kamfas na hannu. Auna kusurwar abubuwa biyu ko uku da ke kan taswira, kamar hasumiyar fitila ko ƙololuwar dutse, ka ja layukan a takarda ka ga ko sun haɗu inda allo ya ce. Na uku littafi: kowace awa ka rubuta lokaci, wuri, alkibla da gudu, kusa da gaɓa kuwa kowane minti 15. Jirgi mai gudun mil 6 yana cin mil ɗaya da rabi a minti 15. In allon ya tsallakar da kai mil huɗu, ko gudun ya yi tsalle ba dalili, ka daina yarda da shi.

Wani lokaci na'urar tana faɗin gaskiya, mutane ne ba sa karantawa. A watan Yuni na 1995 jirgin fasinja Royal Majesty ya kafe a rairayi kusa da Nantucket a Amurka, mil 17 daga hanyarsa. Wayar eriyar GPS ce ta cire, na'urar ta koma ƙiyasi da gudu da alkibla, ta nuna hakan da ƙananan haruffa, aka yi sa'o'i fiye da 30 ba wanda ya lura. Ka nemi shafin da ke nuna yawan taurarin da na'urarka ta kama, huɗu ne mafi ƙaranci, ka tabbata ƙararrawar ɓacewar sigina a kunne take kuma ana jin ta a wurin tuƙi ko da inji yana aiki.