Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Ƙasa, Tukunyar Gas da Hayaƙin Mota

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Kowane mako ina zuwa Abuja da motata ni kaɗai. Ta yaya zan rage kuɗin mai da hayaƙin da nake fitarwa?

Malam, ajiye motar a gida ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa. Jirgin da ke bin layin dogon da aka buɗe a 2016 dizal yake sha, amma inji ɗaya ne yake jan ɗaruruwan fasinjoji, saboda haka rabonka na hayaƙin ba zai kai ko kusa da na wanda ya tuƙa mota shi kaɗai ba. Ka sayi tikiti ta hanyar hukuma, kada ka biye wa masu sayar da shi a bayan fage, kuma ka lissafa kuɗin motar da za ta kai ka cikin gari daga tashar Kubwa ko ta Idu a Abuja. Ranar da ka rasa tikiti, ka ɗauki abokan aiki ku raba kuɗin mai.

Tambaya daga wani direban haya a Suleja: Wani bakanike ya ce zai mayar mini da mota mai amfani da gas ɗin CNG a kan rabin kuɗin da manyan cibiyoyi suke karɓa, domin tukunyar haɗin gida ce. In yarda?

Kada ka yarda, ko da kyauta zai yi maka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi suka koma neman gas, kuma suna da gaskiya, domin ya fi fetur araha, ƙonewarsa ta fi tsafta, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur illa ga huhu ba. Amma duk inda jama'a suka yi tururuwa, a nan masu kayan jabu suke baza kolinsu, kuma wannan jabun rai yake ɗauka.

Gas ɗin CNG ana matse shi ne a cikin tukunya har matsinsa ya kai kimanin 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", wato wajen ninki 80 zuwa 100 na iskar da mai faci yake bugawa a tayar ƙaramar mota. Tukunyar gas ɗin girki ba a ƙera ta don irin wannan matsi ba, balle bututun ƙarfe da aka yi wa walda a bakin titi aka shafa masa fenti. Tukunyar ƙarfe ta gaskiya ba ta da tabon walda a jikinta, kuma za ka ga an buga mata lambar masana'anta, da ranar da aka ƙera ta, da ranar da wa'adinta zai ƙare, da lambar ma'aunin inganci irin su ISO 11439. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a Benin, jihar Edo, ana cikin zuba mata gas, mutane suka jikkata, aka kuma gano cewa tukunyar haɗin walda ce. Kai direban haya ne, tukunyar nan a bayan kujerar fasinjojinka za ta zauna, mata da yara, a cikin zafin watan Afrilu.

Abin da yake ba ni haushi shi ne mutum ya ci bashi ya sayi mota ta miliyoyin naira, sannan ya zo yana taya rangwame a kan abin da rayuwarsa ta rataya a kai. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ka duba tukunyar da idonka kafin a ɗaura, ka karɓi takardar shaida da rasit. Ka tambayi ingancin bututu da bawul ma, domin yoyon gas haɗarin gobara ne, sannan iskar da ke tsirarewa tana dumama duniya fiye da hayaƙin da kake gudu. Kafin duk wannan, ka tabbata akwai gidan gas a hanyar da kake bi, don ba ko'ina ake samunsa a Arewa ba tukuna.

Tambaya daga wani matashi a Katsina: An taya "indomin" salansar motata da kuɗi mai kauri, an ce cire shi yana rage shan mai. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma da ka tsaya ka tambayi kanka dalilin da ya sa baƙo zai biya kuɗi mai kauri a kan abin da ya ce ba shi da amfani, da ba ka aiko wannan tambayar ba. Wannan abu shi ne yake tace gubar hayaƙi kafin ya fita, masu sayensa kuwa ƙarafa masu daraja da ke cikinsa suke nema. Ka bar shi inda yake. Haka kuma na'urar rage shan mai da ake talla a intanet, wadda ake sokewa a cikin mota, asarar kuɗi ce kawai. Daidaita iskar taya, canja baƙin mai a kan lokaci, da guje wa man 'yan bumburutu su ne suke rage shan mai.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Yarana suna tari saboda hayaƙin hanya a cikin adaidaita sahu. Ina tunanin cin bashi in sayi babur mai lantarki. Hankalina a tashe yake.

Malama, Allah ya ba yaran lafiya, kuma ki kwantar da hankalinki, damuwarki tana kan hanya. Da farko ki kai su asibiti a duba ƙirjinsu, musamman idan tarin yana tsananta da hunturu, lokacin da ƙura take haɗuwa da hayaƙi. Amma bashin nan ba na ba ki shawarar cinsa. Batir shi ne kusan komai a babur mai lantarki, kuma akwai masu sayar da tsohon batir a sabon kwali, wanda zafinmu yake gamawa da shi da wuri. Idan kuma da janareto za a riƙa cajinsa, hayaƙin da kike gudu tsakar gidanki kika kawo shi. In makarantar yaran ba ta da nisa, manyan cikinsu su tafi a ƙafa tare da yaran unguwa ta cikin lunguna, nesa da babban titi. In da nisa, ku haɗa kai da maƙwabta ku ɗauki shatar mai adaidaita ɗaya, ku zaɓi wanda injinsa ba ya fitar da baƙin hayaƙi, ku kuma roƙe shi ya fita da su kafin cunkoson safe.